Shef Ya Ce Ya Yafe Wa Usmanu

Usmanu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune ina kiciniyar buɗe kwaɗon shagona a Kornaka. Yayansa Hammadu ne ya kira. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Salisu, abokinka ya cika. Masassara ce. Bayan azahar za a yi mishi sutura, in ka samu hali ka taho."

Na ce masa, "Wane abokin?" Kamar ina da wani a gidansu.

Na bar makulli a jikin kwaɗo na hau moto, wato babur. Har na shigo Dakoro ban san yadda na bi hanyar ba. Maƙwabcina ne ya kira daga baya ya ce ya rufe mini shagon.

Yanzu an idar da magariba. Ina zaune a ƙofar gidan da Usmanu ya yi haya, ƙasar kabarinsa tana nan a gwiwar wandona. Niyyata in rubuta abin da kowa ke rubutawa, in sa hotonsa, in ce mutumin kirki ne, ku yi ta zubo amin. Amma yau na ji wata magana a gaban gawarsa, in ban amayar da ita ba ni ma sai an kwantar da ni. Rubutun zai yi tsawo. Mai sauri ya wuce, ban riƙe kowa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Usmanu ɗan Baba Altine ne, makiyayi, rugarsu tana arewa da gari. Tare muka yi lakkal, wato makarantar boko, tare muka tafi jami'a a Yamai muka karanta harkar mulki, abin da ake ce wa adiministarasiyo. A rugarsu babu mai iya juya harshe ya faɗi wannan doguwar kalma, sai suka ce Usmanu ya tafi karatun zama kwamanda. Sunan ya bi shi. Ni har ya bar duniya Kwamanda nake ce masa.

Ɗaki ɗaya muka zauna.

In innarsa ta aiko da cuku, sai ya karya biyu ya turo mini babban, ya ce wai haƙorinsa na ciwo. Har muka gama jami'a haƙorin nan bai warke ba, kuma bai taɓa hana shi tauna rake ba.

Ranar da muka kare kundin lisans, wato digirin farko, ni da safe, shi da rana. Ba ni da kwat. Ya ba ni tasa, ita kaɗai gare shi. Na fito na jiƙe ta sharkaf don tsoro, ya karɓa ya saka haka nan ya shiga gaban malamai da zufata a jikinsa.

Lokacin da innata ta kwanta asibiti a nan Dakoro, ni ina Kornaka ina kai da kawo, kowace safiya sai ya biya mata da kunu kafin ya wuce aiki. Ta bar duniya tana ce masa ɗana.

Ni na shiga fannin mulki ne don makina bai kai ni inda nake so ba. Shi kuwa da idonsa buɗe ya zaɓa. Wata rana na tambaye shi dalili, ina yi masa tsiya, na ce ɗan ruga me ya haɗa shi da kujera mai juyi. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ina ƙarami na raka Baba wani biro, ofishin hukuma, kan maganar rijiya. Tun daga waje ya tuɓe takalmi, ya cire malfa, ya tsuguna gaban tebur. Wani yaro da bai kai ɗan cikinshi ba shina mishi tsawa da Faransanci, Baba na ta cewa to ranka shi daɗe, bai san mi aka ce mishi ba. Ran nan na ce sai na zauna bayan teburin ga."

Tsarin rayuwarsa a jere yake a kansa, har mun haddace don yawan ji. Zai yi koyon aiki, ya ci kankur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, sannan ya roƙa a tura shi ƙaramar hukuma can cikin daji inda kowa ke gudu. Ba ya son Yamai, ba ya son mota mai tuta. So yake ya zama wanda manomi da makiyayi za su kawo wa rigima su tashi ba wanda ya ji an ci zalinsa. Aure ma ya ce sai ya shiga aiki, don ba zai ɗauko 'yar mutane ya ciyar da ita alƙawari ba.

Akwai wani darasi da aka yi mana wanda sai kun san shi za ku gane sauran maganar. Malamin ya ce ma'aikacin gwamnati yana da wani nauyi a wuyansa, da Faransanci ana ce masa rezerb. Abin da ka gani a wurin aiki ba ka kai shi kasuwa. Ba ka ƙaryata shugabanka a bainar jama'a. In kana da ƙorafi, ka bi ta sama, a hankali, cikin ladabi. Mu duka mun haddace don jarrabawa, muna fitowa muka zubar a ƙofar aji. Usmanu kaɗai ya kwashe ya taho da shi gida.

Da muka gama aka ce mu jira a buɗe kankur. Na jira har na gaji, na ce ni ba zan tsufa a layi ba, na je na buɗe shagon sola da cajin waya. Shi ya dawo Dakoro ya shiga wani biro a matsayin istajiye, mai koyon aiki, ba albashi. Da yamma yana koya wa 'ya'yan mutane lissafi, da haka yake ci.

Ba zan faɗi sunan biro ɗin ba, akwai mutanen kirki a ciki. Ba zan faɗi sunan shugaban ba. Shef kowa ke ce masa a can, ni ma haka zan ce. Ya san kansa, kuma na san kafin isha'i wani zai miƙa masa waya ya ce karanta ka gani.

A biro ɗin nan Usmanu ba shi da suna. "Istajiye, kawo ruwa." "Istajiye, rubuto mini jawabin gobe." Jawaban da kuka riƙa tafa wa Shef a wurin taro kuna cewa mutumin nan ya iya magana, ku sani daga kan abokina suka fito. Bai taɓa ƙorafi ba. In tsoho ya shigo daga ƙauye, shi ne mai tashi ya ba shi kujerarsa ya tsaya a tsaye, ya saurare shi da Hausa ko da Fulatanci, duk wanda tsohon ya fi sakewa da shi.

Sai maganar burtali ta taso.

Mutanen yankinmu sun san labarin, amma bari in maimaita don na nesa. Akwai burtali, hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki, da ke ratsawa kusa da rugar su Usmanu ya sauka wani tafki. Shekara da shekaru gonaki na cin gefensa. Aka ce za a kafa ginshiƙan siminti a shata shi kowa ya huta. Usmanu aka ba aikin, ya yi murna kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Cikin zafin bazara ya taka hanyar nan da ƙafa, tare da tsofaffin manoma da tsofaffin makiyaya, suna cewa daga gawon nan zuwa aduwar can. Aka daidaita, aka shafa fatiha, aka watse ana dariya.

Da aka kafa ginshiƙai sai aka ga a daidai bakin tafki sun karkata, gonar wani mai hali ta haɗiye mashigar gaba ɗaya. Damina ta sauka, gero ya tashi, shanu suka zo shan ruwa ba hanya. Suka faɗa gona. Aka yi faɗa, aka fasa wa mutum kai, aka kulle wasu samarin ruga, aka tsare shanu. Kafin a kashe wutar, garken Baba Altine ya ragu sosai.

Aka kira babban taro. Shef ya miƙe gaban jama'a ya ce, "Istajiye ne ya yi awon. Yaro ne, ya yi kuskure. Amma ba ni korar shi, kowa na kuskure." Aka yaba masa haƙuri.

Usmanu yana zaune a gefe da alƙalami, shi ke rubuta abin da ake faɗa a taron. Baba Altine yana cikin jama'a, ya zuba masa ido, yana jira ɗansa ya ɗaga kai. Bai ɗaga ba. Da hannunsa ya rubuta cewa shi ya yi kuskure.

Kun san garinmu. Kafin sati ya zagayo kuskure ya zama cin hanci. Aka ce an saye shi. Dangin da tun farko suka ce wa Baba Altine kada ya bar yaro a lakkal suka samu abin faɗa. Baba ya kira shi ya ce ya tashi gaban dangi ya ce ƙarya ne. Usmanu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, akwai abin da ba ni iya hwaɗi."

Daga ranar Baba Altine bai sake amsa gaisuwarsa ba. Damina biyu ke nan.

Ni ban taɓa yarda an saye shi ba. Mutumin da ke ƙaryar ciwon haƙori don ya ba ni cuku ba zai sayar da ruwan shanun ubansa ba. Amma duk lokacin da na tayar da maganar sai ya ce, "Bari dai, Salisu," ya kawo wata hira.

Ganina da shi na ƙarshe, ranar kasuwar Kornaka ce, kwanan nan. Ya shigo shagona ya sa waya caji. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma fuskarsa a sake. Ya ce an ce za a buɗe kankur, ya fara bitar karatu. Na aika aka kawo tsire, na dafa shayi. Muna cikin sha, ban tambaye shi komai ba, sai ya ajiye kofi ya ce, "Salisu, ba ni na karkata ginshiƙan nan ba."

Ya ce bayan an shafa fatiha, Shef ya tura shi Maraɗi wani horo. Yana can aka kafa su. Da ya dawo ya ga abin da aka yi, ya shiga wurin Shef ya rufe ƙofa ya faɗa masa. Shef ya ce ya yi shiru, bayan damina za a gyara. Ya tuna masa kuma cewa shaidar koyon aikin da zai kai wurin kankur, hannun Shef take jira.

Na miƙe tsaye har na zubar da shayin. Na ce, "Kuma ka zauna gaban ubanka ka yi shiru?"

Ya ce, "Rezerb, Salisu. Ba a tozarta biro gaban jama'a. In mutanen ruga sunka daina yarda da biro, gobe da sanda za su raba rigima."

Na ce, "Rezerb ta ma'aikaci ce! Kai wa ya ɗauke ka aiki? Ko sabulun wanke rigar ga ba su ba ka!"

Ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi ya ce, "Ina koyon sa rigar ne kahin a ɗinka mini ita."

Sannan ya kama hannuna. Ya ce, "Ka riƙe mini maganar ga har in shiga aiki. Ran da na zama ma'aikaci, ta hanyar doka zan sa a tumɓuke su a maida inda munka yi fatiha. Sannan in tahi in kamo hannun Baba in kai shi shi gani da idonshi. Ba ni son in kai mishi magana, aiki nika son in kai mishi."

Na yi ta faɗa, ya bar ni na gama. Da zai hau moto ya juyo ya ce, "Kai dai zuciya gare ka. Allah ya taimaki talakawa da ba ka zama kwamanda ba." Muka yi dariya. Ya manta cajarsa a shagona, na ce in na shigo Dakoro na kawo masa.

Na yi masa alƙawari, kuma na riƙe. Amma alƙawarin har ya shiga aiki ne. Yau mun saka shi inda ba a kankur.

Yanzu ku ji abin da ya faru da azahar.

An fito da shi an ajiye a ƙofar gida, mun yi sahu. Baba Altine ya iso daga ruga, yana sahun gaba, ya dogara da sandarsa, ko ƙwalla babu a idonsa. Kafin a ta da kabbara liman ya juyo ya yi abin da aka saba. Ya ce, "Jama'a, ga ɗan'uwanku. Wanda ya yi ma laihi shi yahe mishi."

Kowa ya ce, "Mun yahe." A hankali, yadda ake faɗa, kowa da kansa a ƙasa.

Sai na ji an yi gyaran murya.

Shef ne. Farar shadda tana ƙara, baƙin tabarau, turarensa ya danne na gawa. Ya tako gaban sahu ya ce, "Malam, a ba ni dama kaɗan." Ya juyo ya fuskanci jama'a kamar yana wurin taro. Ya ce, "Ni ne shugaban mamacin ga. Kowa ya san kuskuren da ya yi muna a aikin burtali, da zagin da munka sha saboda shi. To ina son jama'a su shaida. Na yahe mishi. Duniya da lahira na yahe mishi."



Na ji ana cewa "Allah shi saka da alheri." Wani a bayana ya ce, "Kai, wanga mutum dattijo ne." Sannan na ga abin da har in mutu ba zai bar idona ba. Baba Altine ya jingine sandarsa, ya kama hannun Shef da hannu biyu, ya rusuna, ya ce, "Mun gode, ranka shi daɗe. Ka ruhwa muna asiri."

Usmanu yana kwance tsakaninsu cikin likkafani.

Na yunƙura. Abin da ya riƙe ni shi ne gawar, don ba zan mai da sallarsa filin dambe ba. Na cije leɓe har na ji gishirin jini, na yi kabbara huɗu ban san me na karanta ba. Allah ya yafe mini wannan sallar.

Shef, yanzu da kai nake.

Me Usmanu ya yi maka da za ka yafe? Ruwan da ya ɗebo maka, ko jawaban da ya rubuta maka? Ko bakinsa da ya rufe ya ɗauki kayanka a kansa har ya rasa ubansa? Da ka zo ka yi shiru cikin sahu kamar kowa, wataƙila da na bar ka da Allah. Da ka aiko ka ce ba ka da lafiya, da ya fi maka. Amma ka zo har gaban gawarsa ka sake ɗora masa, a ranar da ka tabbata ba zai iya ɗaga kai ba ko da ya so. Da yana raye ka yi amfani da ladabinsa, yau ka yi amfani da mutuwarsa.

Kai ne ke buƙatar yafiya a wurin nan, kuma mai ba ka ita mun rufe shi da ƙasa.

Bayan la'asar, da mutane suka ragu a rumfar zaman makoki, na matsa kusa da Baba Altine. Na ce, "Baba, akwai amanar da Usmanu ya bar mini." Na faɗa masa duka, tun daga tafiyar Maraɗi har zuwa shayin da muka sha a shagona.

Bai katse ni ba har na gama. Sannan ya ce, "Manu ya hwaɗa maka haka da bakinshi?"

Na ce, "Da bakinshi, Baba."

Ya ce, "To mi ya hana shi hwaɗa mini? Ni na haihe shi."

Na buɗe baki in yi masa bayanin rezerb. Na nemi kalmar da Hausa, ban samu wadda za ta shiga kunnen uba ba. Na ce masa dai a lakkal an koya mana ma'aikaci ba ya kunyata shugabansa, kuma Usmanu ya so ya gyara burtalin tukuna ya kawo masa a gyare.

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kwanan baya ya zo ruga. Ina ɗaure maraƙi na ji sallamarshi a bayana. Na gane muryar. Na ci gaba da ɗaurin igiya, na kwance, na sake ɗaurawa, don kada in juyo. Ya daɗe tsaye. Sannan ya ce, Baba na tahi. Ban ce mishi komi ba."

Ya sake cewa, "Ɗazu da liman ya ce a yahe, ni ma na ce na yahe. Ina ganin na yi mishi alheri."

Sai ya ɗago ya dube ni. Tsoho ne da ya ga fari ya ga mutuwar garke bai yi kuka gaban mutane ba. Ya ce, "Ɗana, to ni wa za shi yahe mini?"

Har yanzu yana can cikin rumfa, an kawo masa fura ya ture, yana ta kallon hannayensa biyu.

Wannan aikinka ne, Shef. Tafkin da ka toshe ana iya buɗe shi. Shanun da suka tafi wasu za su haifu. Amma damina biyu da ka cire tsakanin uba da ɗa, ka nuna mini inda za a samo su.

Don haka ka saurara, tun da wuri nake faɗa maka don kada ka ce an yi maka kwanton ɓauna. Jibi ake addu'ar uku. Na san za ka zo, irinku ba sa ƙin wurin da za a gan su. Bayan an shafa zan miƙe, a rumfar nan, gaban mutanen da suka ji ka ɗazu, in faɗi abin da na rubuta a nan kalma da kalma. Ni ba ma'aikacin kowa ba ne, ba rezerb a wuyana. Sola nake sayarwa.

Masu cewa ai maganar mamaci ce, ba shaida, ku kwantar da hankalinku. Maginan da suka kafa ginshiƙan suna raye, sun san wanda ya tsaya a kansu yana nuna musu wuri da makullin mota. Waɗanda suka yi horon Maraɗi tare da Usmanu sun san inda ya kwana a satin. In kana cikinsu kana karanta wannan, ka ji tsoron Allah ka zo jibi. Ka yi shiru lokacin yana raye, wataƙila kana tsoron abincinka. Yanzu tsoho ne ke zaune yana jiran wanda zai wanke masa ɗa.

Ba zan taɓa ka ba, Shef. Ko rigarka ba zan ja ba, kuma duk wanda ya ɗaga maka hannu da sunan Usmanu ba ya tare da ni. Duka ya yi maka sauƙi. So nake ka shiga kasuwar Dakoro ka yi sallama a amsa maka ciki-ciki. So nake ka miƙa hannu a masallaci ka ga mutum yana gyara hula. So nake ka ɗanɗana tsayuwa bayan mutum kana gaishe shi yana ɗaurin igiya.

Kuma kankur ɗin da yake shiri, zan yi shi. Na ajiye karatun nan da daɗewa, yau na ɗauko. Ba ni da haƙurinsa, ba ni da kyawun zuciyarsa, shi da kansa ya faɗa. Amma in Allah ya ba ni, ƙaramar hukumar cikin daji zan roƙa, kuma aikina na farko shi ne bakin tafkin nan. Duk istajiyen da ya zauna ƙarƙashina zai san abu ɗaya tun ranar farko, cewa kame baki don mutuncin aiki daban, ɗaukar zunubin shugaba daban. Malamanmu sun koya mana na farko, suka manta su ce mana akwai irin su Shef.

Masu shirin rubuto mini "ka yi haƙuri, ka bar wa Allah," na gode, na san nufinku alheri ne. Haƙurin ne muka binne ɗazu. Allah kuwa na bar masa, amma bai ce in rufe baki a kan ƙarya ba. Ni ban yafe ba. Ba hakkina ba ne balle in yafe.

Kwamanda, ka tafi ba ka zauna a kujerar da ka yi wa karatu ba. Ba ka yi aure ba, ba ka karɓi albashi ko na wata ɗaya ba. Ka yi mini gafara na karya shirunka. Na san da kana nan da ka ce, "Bari dai, Salisu." Wannan karon ba zan bari ba.

Ya Allah, ga bawanka Usmanu ɗan Altine ya zo maka. Ka jiƙansa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci yadda ya riƙa tashi yana ba tsofaffi wurin zama. Ka karɓi shirunsa a matsayin ibada, ko da mu ya ƙona mu. Ka haɗa shi da innata da ta kira shi ɗa.

Ya Allah, ka dubi Baba Altine. Bai yi don ƙiyayya ba, ruɗe shi aka yi. Ka sanar da shi ta hanyar da ka ga dama cewa ɗansa bai tafi da fushinsa ba. Ka ba innarsa da Hammadu da sauran dangi juriya.

Wanda kuwa ya tsaya gaban gawa ya ce ya yafe, ya Allah, kai ka ji shi, mu ma mun ji. Kada ka rage wa Usmanu ko ƙwayar gero daga hakkinsa. Ka ajiye masa shi cif, har ranar da za su tsaya gabanka su biyu, ranar da babu mai ce masa ya yi shiru.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce haka. Ka karanta wa Usmanu Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunansa, don a inda ya yi aiki ba su taɓa kiransa da shi ba. Ka sa tsohon nan cikin addu'arka ta asuba.

'Yan Dakoro kuma, jibi da safe, ku zo da kunnuwanku.